Ruwan da yake sauka a filazarka, ina ka tanadar masa ya je?

Duk damina in aka tafka ruwa mai ƙarfi a Kano hotuna iri ɗaya ne suke yawo a Facebook da WhatsApp, ruwa ya cika layi a kasuwa, yaran shago sun naɗe ƙafar wando suna fito da diloli a ka, atamfa da shadda an baza su ana shanya, sai kuma kowa ya hau rubutu cewa ai shara ce, mutanenmu basa jin magana, leda kawai suke zubawa a kwata. Shara tana ciki, wannan ba musu. Amma wallahi ko yau aka yashe duk wata kwata da lambatu da ke birnin nan tas, akwai filazoji da kantuna da sito-sito da ruwa zai ci gaba da shiga, domin tun ranar da aka haƙa fandishonsu babu wanda ya zauna ya lissafa yawan ruwan da zai sauka a wajen, balle ya duba inda zai bi ya fita. Kwata a wajenmu ita ce aikin ƙarshe, bayan an gama fenti an sa gilashi kuɗi sun ƙare, sai a ce da birkila ya ɗan ja wata 'yar hanya a gaban shaguna da ragowar bulo.

Da farko a raba ambaliya gida biyu, don ana yawan cakuɗa su. Akwai wadda kogi ko dam yake kawowa, irin fashewar dam ɗin Bagauda a watan Agustan 1988, ko abinda ya faru a Maiduguri a watan Satumban 2024 da dam ɗin Alau ya ɓalle. Wannan ta fi ƙarfin mai shago, aikin gwamnati ne. Wadda take cinye dukiyar 'yan kasuwa a cikin birni kusan duk shekara kuwa ba daga wani kogi take zuwa ba, ruwan da ya sauka a kan kwanonmu da dabenmu da titunanmu ne ya rasa hanya. Irinta ce ta shiga Kantin Kwari a watan Agustan 2022 ta jiƙa kaya masu yawan gaske, har gwamnatin lokacin ta ba da umarnin rushe gine-ginen da aka ɗora a kan magudanan ruwa. Ita wannan ta biyun ana iya lissafa ta, ana kuma iya rage ta sosai, kuma rabin aikin yana cikin katangar mai gini ne.

Kano ba gari ne mai ruwa da yawa ba in ka duba jimillar shekara, abin yana kaiwa tsakanin milimita 800 zuwa 1000 ne, Legas ta fi mu nesa ba kusa ba. Matsalar ita ce namu a dunƙule yake zuwa, daga wajen watan Mayu zuwa Satumba, mafi yawansa kuma a Yuli da Agusta, kuma sau da yawa hadari ɗaya ne zai taso da iska ya juye abin mamaki cikin rabin awa ya wuce. Ita kuwa kwata babu ruwanta da jimillar shekara, abinda ya dame ta shi ne minti goma sha biyar ɗin nan da ruwa yake zuba kamar da bakin ƙwarya. In ta iya ɗaukar wannan shikenan, in bata iya ba ko sau ɗaya ne a shekara an yi asarar.

To a da ina ruwan yake zuwa? Duk wanda ya tashi a cikin gari ya san kududdufai, ramukan da aka haƙi ƙasar gini aka bari, kusan kowace unguwa da nata. Mutane suna kallonsu a matsayin matattarar sauro da ƙazanta, kuma haka ne, amma wani aiki suke yi wanda ba a gani, ruwan unguwa can yake fara taruwa ya zauna, wani ƙasa ta shanye, wani rana ta ɗauke, ragowar ya gangara rafin Jakara a hankali. Tsakar gida ƙasa ce, lungu ƙasa ne, filin makaranta ƙasa ne. Yanzu an cike kududdufai da yawa da shara da ɓaraguzai an yanka filaye, tsakar gida an sa tayil, harabar filaza an zuba kankare daga katanga zuwa katanga don kar mota ta taka taɓo. Ruwan saman bai ragu ba, wajen zamansa ne aka ƙwace, don haka gaba ɗayansa yake fitowa titi a lokaci ɗaya. Ruwan tsakiyar birni da Fagge da Sabon Gari duk Jakara yake nema, ya haɗu da na rafin Getsi ya tafi dam ɗin Wasai a Minjibir, na kudu wajen Sharaɗa kuma ya gangara kogin Challawa. Hanyoyin nan ba su ƙara faɗi don mun ƙara gini ba.

Bari mu yi lissafin a fili, don ba wani abu ne mai wuya ba. Milimita ɗaya ta ruwan sama in ta sauka a kan murabba'in mita ɗaya, lita ɗaya ce cif. Ɗauki filaza mai tsawon mita 50 da faɗin mita 40, murabba'in mita 2000 kenan, irin waɗanda ake ginawa a Zoo Road ko titin Zariya ko titin Katsina. In aka yi ruwan milimita 50, wanda ba abin mamaki ba ne a Agusta, lita 100,000 ce ta sauka a wannan fili kaɗai. In fili ne na ƙasa mai yashi-yashi da ciyawa, wajen kashi 25 cikin ɗari ne zai gudana, sauran ƙasa ta sha. In kwano ne da kankare kuwa wajen kashi 90 ne zai gudana, lita 90,000 kenan, kusan tankar mai uku irin mai cin lita 33,000, daga gini ɗaya tal. Yanzu ka ƙirga filazoji nawa ne a jere a titi ɗaya, kowacce ta juyo bututunta cikin kwatar da aka gina tun lokacin da wajen gonaki ne da 'yan gidaje.

Injiniyoyi suna da wata tsohuwar hanyar lissafi da ake amfani da ita a ƙananan filaye tun ƙarni na 19, kuma abu uku kawai take buƙata, girman filin, ƙarfin saukar ruwan, da kason da zai gudana. Ana ninka su ne a sami yawan ruwan da zai fito a duk daƙiƙa. A misalin filazarmu, in muka ɗauka ruwa ya zuba milimita 25 cikin minti 15, wato ƙarfin milimita 100 a awa, abinda zai riƙa fitowa lita 50 ne duk daƙiƙa ɗaya. Lokacin da wajen yake fili kuwa lita 14 ce kacal. Kaga gini ɗaya ya ninka nauyin da yake ɗora wa kwatar titi fiye da sau uku, kuma ba wanda ya tambaye shi.

Yanzu kwatanta wannan lita 50 ɗin da abinda ake sakawa. Bututun roba mai inci 4, wanda shi ne masu aikin famfo suka fi saurin ɗaukowa, in aka kwantar da shi da gangara mai kyau ta santimita ɗaya a duk mita, abinda zai iya ɗauka wajen lita 6 ne a daƙiƙa. Sai ka jera takwas ko tara kafin su ɗauke ruwan filazar nan. Amma inci 9 guda ɗaya zai ɗauka, domin shi bututu in ka ninka faɗin bakinsa sau biyu, ruwan da zai ɗauka ba sau biyu yake ninkuwa ba, ya fi sau shida. Wannan ita ce gaɓar da na fi so masu gini su riƙe, ɗan ƙarin kuɗin da ke tsakanin ƙaramin bututu da babba ba komai ba ne a kan abinda yake saya maka. Gangara kuwa akasin haka take, in ka ninka ta sau biyu ƙarin da zaka samu wajen kashi 40 cikin ɗari ne kacal, don haka ba a gyara ƙanƙantar kwata da ƙara mata gangara kawai.

Duk da haka gangarar tana da nata aikin, kuma a Kano aikin babba ne saboda yashi. Watanni bakwai muna shan ƙura da iskar hunturu, ga yashin gini da ake jibgewa a bakin titi, ruwan farko yana zuwa duk ya kwashe ya zuba a kwata. In gudun ruwan bai kai wajen kashi uku cikin huɗu na mita a daƙiƙa ba yashin kwanciya yake yi, in ya kwanta leda ta maƙale, in leda ta maƙale wani yashin ya ƙaru. Kwatar kankare mai faɗin ƙafa biyu da zurfin ƙafa biyu, da gangarar ɗaya cikin 200, tana iya ɗaukar sama da lita 500 a daƙiƙa in tana da tsafta. In yashi ya cike rabinta mutum zai ɗauka rabin ƙarfinta ne ya tafi, alhali abinda ya rage bai fi kashi ɗaya cikin uku ba, saboda bayan wajen ya ragu ƙasan ma ya daina santsi, ruwan tafiyarsa ta ragu. Shi ya sa kwatar da aka gina da ido, ba na'urar awon gangara, wani wajen ma tsakiyarta ya fi bakin fitarta zurfi, ko kullum ake yashe ta sake cikewa take yi. Irinta ce zaka ga ruwa baƙi ƙirin yana kwance a ciki har cikin watan Maris.

Sai maganar wane irin ruwa za a yi wa tanadi, tunda ba wanda zai gina kwatar da ta fi ƙarfin kowane ruwa. Injiniya zai ce maka ya yi lissafi a kan ruwan shekara 10 ko na shekara 25, kuma mutane da yawa suna fahimtar maganar a karkace, suna ɗauka in an yi shi bana to an huta sai bayan shekara goma. Ba haka ba ne. Ma'anarsa a kowace damina akwai yiwuwar ɗaya cikin goma a yi irinsa, yana iya zuwa bana ya kuma dawo baɗi. In ka haɗa shekara 10 a jere, yiwuwar ka gamu da shi aƙalla sau ɗaya ta kai kashi 65 cikin ɗari. Na shekara 25 ɗin ma in gininka zai yi shekara 30 a tsaye, yiwuwar ya riske ka wajen kashi 70 ce. Don haka tambaya biyu ce ya kamata mai gini ya yi, ta farko kwatar nan wane ruwa zata ɗauka, ta biyu kuma wadda aka fi mantawa, ranar da aka yi wanda ya fi ƙarfinta ina rarar zata bi? Gini mai kyau shi ne wanda in kwata ta cika ta tumbatsa, ruwan zai bi ta wajen ajiye motoci ya fita ta get, ba ta ƙofar sito ba. Kuma a ganina wanda zai ajiye leshi da shadda ko wayoyi ko magani na miliyoyin naira bai kamata a yi masa lissafi ɗaya da mai sayar da bulo ko rodi ba. Bayanan ruwan sama na Kano suna nan wajen hukumar kula da yanayi ta ƙasa, NiMet, akwai tashar awo a filin jirgin Malam Aminu Kano, injiniyan da ya san aikinsa da su zai yi lissafi ba da ka ba.

Amma duk wannan lissafin banza ne in bakin fitar ruwan ya nutse. Nan ne masu gini da yawa suke shan mamaki, sun kashe kuɗi sun yi kwata mai kyau a cikin harabarsu, sun haɗa ta da ta titi, ranar da aka yi ruwa sai suka ga ruwa yana ɓulɓulowa daga cikin kwatar tasu yana shigowa, harda ƙazantar da ba tasu ba. Dalili shi ne kwatar titin ta cika, saman ruwanta ya fi bakin bututunsu tudu, shi kuwa ruwa inda ya fi kwari yake bi, bai san wannan bututun na fita ne ba. Don haka awon farko da za a yi kafin a sa diga a ƙasa shi ne na kwatar titi, zurfinta, inda ruwa yake kaiwa a cikinta in ta cika, da inda ita kanta take zubawa. A tambayi tsofaffin maƙwabta da masu gadi, a duba shaidar da ruwa ya bari a jikin katangu, wannan bayanin ya fi takarda gaskiya wani lokacin. In ba yadda za a yi bakin fitar ya kasance sama da wannan shaidar, akwai murfi mai hinji da ake sawa a bakin bututu, ruwan ciki yana tura shi ya fita, na waje in ya taso sai ya danne shi ya rufe. Yana aiki, amma sanda ɗaya ko ledar fiya wata in ta maƙale a bakinsa ya tashi daga aiki, sai ana dubawa.

Daga nan sai tudun daɓe, wato dipisi. A unguwanni da yawa zaka ga tsofaffin shaguna sai an sauka mataki biyu kafin a shiga, ba haka aka gina su ba, titi ne duk lokacin da aka gyara shi ake ƙara masa ciko da kwalta yana hawa, su kuma suna nan inda suke. Wanda zai yi sabon gini ya sa wannan a ransa, titin gabansa zai ƙara tudu nan gaba. Ni dai shawarata daɓen shago ya ɗara tsakiyar titi da aƙalla ƙafa ɗaya da rabi, in kuma wajen yana da tarihin ambaliya a ɗauki shaidar ruwa mafi tsawo a ƙara mata ƙafa ɗaya. Sai dai a nan akwai wani abu da yake damuna ƙwarai. Abinda muke yi yanzu gasar ciko ce, wannan ya ɗaga nasa, na kusa da shi ya ga ruwa ya dawo kansa shi ma ya kawo tifa goma ya ɗaga fiye da haka, ƙarshe wanda ba shi da kuɗin ciko, galibi gidan talakan da ke bayan filazar, shi ne yake zama kududdufin layin. Ka tsare dukiyarka ba laifi, amma in tsarewar tana nufin ɗakin wata tsohuwa ya rufta cikin dare to akwai hakki, kuma hakkin maƙwabci ba sai na tsaya yi wa kowa bayaninsa ba.

Mafitar da nake ganin ita ce ta gaskiya, kuma ita ce har yanzu bamu ɗauka ba, ita ce kowane babban gini ya riƙe ruwansa na ɗan lokaci kafin ya sake shi. A ƙasashe da yawa wannan sharaɗi ne na samun izinin gini, ba za a bari ruwan da ke fita daga filinka bayan ka yi gini ya fi wanda yake fita kafin ka yi ba. A misalinmu bambancin lita 50 da lita 14 shi ne 36 a daƙiƙa, in ka ninka da minti 15 zaka sami lita 32,400. Tankin ƙasa mai tsawon mita 6, faɗin mita 3, zurfin mita 2 yana cin lita 36,000, kaga ya ɗauke wannan, kuma ana iya binne shi a ƙarƙashin wajen ajiye motoci ba tare da an rasa ko shago ɗaya ba. Injiniya zai gwada da ruwa mai ɗaukar lokaci fiye da haka ma, wataƙila tankin ya ƙara girma, amma tsarin kenan. Ruwa ya shiga da gudu, ya fita ta ƙaramar kafa a hankali, kamar yadda mai sayar da man gyaɗa yake juye shi a mazurari yana tsiyaya cikin kwalba. Kududdufin da muka cike ne dai muke dawo da shi, amma a rufe, ba sauro ba yaro ya faɗa.

Wani zai ce to ai sai a tara ruwan a yi amfani da shi, tunda ga tsadar ruwan 'yan garuwa ga rijiyoyin burtsatse suna ƙafewa. Tunani ne mai kyau, amma a kula aikin biyu ne masu karo da juna. Tankin tara ruwa so ake kullum ya kasance a cike, shi kuwa tankin tare ambaliya dole hadari ya same shi babu komai a ciki. A watan Agusta da ake marka, in ruwan jiya ya cika shi, na yau wucewa zai yi kamar babu tankin. Gyaran shi ne a raba, a sa kafar fita a tsakiyar tsayinsa, ƙasan ya zama na ajiya don banɗaki da wanke-wanke da shirin kashe gobara, wanda kasuwanninmu suke matuƙar buƙata, saman kuma kullum ya tsiyaye. Kuma ruwan kwano kaɗai ake tarawa don amfani, ba na harabar da motoci suke ɗigar da mai ba.

Shayar da ƙasa ruwan ma hanya ce, amma ba ko'ina ba. Wasu wuraren a Kano ƙasar mai yashi ce tana sha, wasu kuma ka haƙa kaɗan ka tarar da marmara ko dutse, a cikin tsohon gari da wuraren da suke kwari kuwa ruwan ƙasa yana tasowa sosai da damina har rijiya ta kusa cika, ramin da ka haƙa don ya sha ruwa shi da kansa zai cika daga ƙasa. Gwajin ba tsada, a haƙa rami a wajen, a cika shi da ruwa, a ga awa nawa yake ɗauka kafin ya shanye, kuma a yi gwajin da damina ba cikin bazara ba. In za a yi ramin ya nisanci fandisho da wajen mita 5, kuma don Allah kar a haɗa ruwan sama da sokawen banɗaki, mutane suna yin wannan don sauƙi, ruwa ɗaya mai ƙarfi ya isa ya cika ta ya dawo da ƙazanta cikin shaguna. Intalok kuma da ake cewa yana shan ruwa, yana sha ne kawai in tsakuwa aka shimfiɗa a ƙarƙashinsa, in a kan jar ƙasar da aka daddanne ko siminti aka jera shi to kusan shi da kankare ɗaya ne. Ko barin ɗan fili na ƙasa a gefen katanga a dasa darbejiya a juya ruwan harabar ya fara bi ta nan yana rage wani abu.

Shagunan ƙarƙashin ƙasa da aka fara yayi kuwa ni tsoro suke bani. Duk abinda yake ƙasa da kwatar titi ruwansa ba zai fita da kansa ba sai da injin ja, kuma kowa ya san hadari yana haɗuwa ake ɗauke wuta. In dole sai an yi, to a sa tudu a bakin gangaren shiga wanda ya ɗara titi, a yi ramin tara ruwa da inji biyu masu tashi da kansu, ɗaya in ya ƙi ɗaya ya karɓa, da janareta ko batir ɗin da ba a ƙasan aka ajiye shi ba. Gidajen mai da garejin kanikawa da wajen wankin mota su kuma suna buƙatar akwatin da yake raba mai da ruwa kafin ya fita, domin ruwan Jakara da shi ake noman rani a bakinta, latas da kabeji da alayyahon da suke dawowa kasuwa.

A kasuwa irin Kwari ko Sabon Gari ko Singa ko Kofar Wambai abin ya fi wuya, don ba mutum ɗaya ke da wajen ba, kuma kowane taku na ƙasa kuɗi ne. Nan ne ake rufe lambatu da rufin kankare a ɗora shago ko tebur a kai. Rufe kwata ba laifi ba ne, buɗaɗɗiya ma tana cin rayukan yara in ta cika ba a ganin bakinta, laifin shi ne a rufe ta ruf babu ƙofar shiga. Kwatar da ba a iya buɗewa ba a iya yashe ta, wadda ba a yashewa kuwa ta mutu ko da sabuwa ce. A yi murfi mai ɗaguwa a duk 'yan mitoci, a sa raga mai tare leda da ɗan rami mai tara yashi kafin ruwa ya shiga ƙarƙashin gini ko kwalbati, a kuma san sunan wanda alhakin kwashewa yake kansa. Yasa kuma a watan Afrilu ake yinta kafin ruwan farko, a sake bayan ruwa biyu ko uku na farko tunda su ne suke kawo dattin rani, sannan a kwashe abinda aka fito da shi a ranar. Tara shi a bakin kwata a tafi, kamar yadda ake yawan yi ranar tsaftar ƙarshen wata, aikin banza ne, ruwan gaba zai mayar da shi inda aka ɗauko shi.

Abinda nake fata daga hukumar tsara birane ta jihar Kano, KNUPDA, shi ne duk wanda ya kawo zanen filaza ko sito ko gidan mai ko wajen biki, a nemi takardar lissafin ruwansa mai sa hannun injiniya mai rajista da hukumar injiniyoyi ta COREN, a ga tudun daɓensa, a ga inda zai zubar, a ga abinda zai riƙe, kuma a je a duba da ido kafin a rufe da kankare, don bayan an rufe ba mai sanin inci nawa aka binne. Hukumar tsaftar gari ta REMASAB ta kwashe shara, ma'aikatar ayyuka ta faɗaɗa manyan magudanai, duk ana buƙata, amma gwamnati ba zata taɓa iya faɗaɗa lambatu da saurin da muke zuba kankare ba.

Kai kuma ɗan kasuwa da kake haya ba kai ka gina ba, kafin ka biya kuɗin shekara je ka ga wajen ana tsaka da ruwa in da hali, in da rani ne duba ƙasan bango ko fenti ya kumbura ko akwai layin laka, leƙa kwatar gaban ka ga ko akwai ruwa a kwance, tambayi mai shayin layin. In ka riga ka shiga, ɗora kaya a kan katako ko kanta aƙalla ƙafa ɗaya daga ƙasa, masu tsadar su hau sama, a ɗaga soket da mitar wuta, a sa ƙarfe mai kwarmi a gefe biyu na ƙofa wanda za a zura falanki a ciki in za a tashi da yamma, tunda ruwan dare ne ya fi yin ɓarna lokacin da ba kowa a kasuwa. Wanda yake da inshora ko takaful ya karanta takardarsa da kyau ya ga ko ambaliya tana ciki, domin sau da yawa ta gobara daban ce, ta ruwa sai an nemi a ƙara ta. Ku kuma haɗa kai a layinku ku sami mai ginin da maganar bakin fitar ruwan tun cikin rani, lokacin da kwata take a bushe ana iya shiga a auna ta a gyara.